Dalilin da Ya Sa Jan Gwada Yake Gyaɗa Kai a Tsakar Rana

Ina fara neman afuwar mai karatu saboda munin rubutuna. Ban kama alƙalamin boko ba sai da furfura ta fito mini, hannuna kuwa har yanzu rawa yake yi. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuta wannan shi ne zafin da muke ciki a bana, wanda kullum rediyo take faɗa mana awonsa, yau ya hau, gobe ya ƙara hawa. Jikokina sun dame ni da tambaya, wai me ya sa kowace halitta ta gudu inuwa amma ƙadangare yana kan katanga. To, yara, ku matso ku ji yadda na ji a bakin manya.

Dalilin da ya sa jan gwada, wato namijin ƙadangare, yake manna ƙirjinsa a kan dutse mai zafi, ya ɗaga, ya sauke, ya yi ta gyaɗa kai bai ce uffan ba, ya faro ne daga wani birni na zamanin da. Idan bazara ta yi, rijiyoyin birnin sukan ƙafe, sai mata su tafi gulbi ɗebo ruwa. Gulbin yana da nisa, tsakaninsa da ganuwa kuwa faƙo ne fetal, babu itacen da zai yi wa akuya inuwa. Ba a buɗe ƙofar gari da asuba saboda kuraye, sai rana ta fito sosai.

Mutanen birnin ba su da ma'aunin gilashi irin na asibiti, amma suna da nasu awon. Da fitowar rana akan ɗora curin man kaɗe, kamar girman ƙwan zabo, a kan tsingaro, a ajiye shi a gindin ganuwa, inda hucin iska yake kaiwa amma ƙwayar rana ba ta taɓawa. In mata suka taru a bakin ƙofa man yana nan a cure, sai a buɗe musu. In ya narke, sai a busa ƙaho, kowa ya koma gida sai la'asar. Ruwan da akan samu da la'asar kuwa ba ya isar gida ɗaya, domin sawu guda ake yi cikin gaggawa.

Mai wannan aiki sunansa Nomau, ya gaje shi wajen ubansa Arzika. Mutum ne mai kunyar manya, ba ya iya haɗa ido da wanda ya girme shi. Matarsa Tabawa tana cikin masu zuwa gulbi.

Wata shekara aka yi zafin da Nomau bai taɓa gani ba. Kwana da kwanaki man yana narkewa, shi kuma yana busa ƙaho. Randuna suka bushe, marina ta tsaya, magina suka zauna. Mutane suka fara gunaguni, har yara suka sa masa suna Sarkin Tsoro.

Akwai dattawa da suke wuni a cikin soron ƙofa. Babbansu shi ne Baba Korau, wanda ya fi kowa shekaru a birnin, kuma babu shekarar masifar da bai ce ya gani da idonsa ba. Ran nan da safe Nomau ya dafa ganuwa, ya ji tuni ta ɗauki zafi kamar murhun da aka sauke tukunya. Yana ajiye tsingaro, man ya fara gumi. Sai ya ji muryar Baba Korau a bayansa.

"Kai ɗan Arzika, yau ma busawa za ka yi?"

Nomau ya durƙusa ya ce, "Baba, man ne zai faɗa, ba ni ba."

"Man ne zai faɗa! Wannan ɗan ɗumin kuke kira zafi? Shekarar da kifi ya dahu a cikin gulbi, da ƙafata na taka faƙon nan na je na tsinto. Ko gishiri ba mu nema ba. Wa ya busa mana ƙaho?"

Wani tsoho daga cikin soro ya ce, "Ai wannan wasa ne. Shekarar ƙanƙara fa, da ta kashe mini tunkiya a tsaye?"

Baba Korau ya ce, "Kai dai kullum sai ka sako mana tunkiyarka. Zancen zafi muke yi." Dattawa suka yi dariya. Ya juyo ga Nomau, ya nuna tsingaron da sandarsa. "Ka san inda kuskurenka yake? Ubanka ba a nan yake ajiye man ba. A cikin soro yake ajiye shi, kusa da randa. Ni na gan shi."

Nomau ya san ba haka ba ne. Hannun ubansa ne ya kama nasa ya nuna masa gindin ganuwa. Amma yaya zai ce wa mai furfura ƙarya yake yi, a gaban tsararrakinsa? Ya ce, "Baba, ni dai a nan aka nuna mini."

"To, mu yi sharaɗi, ga shaidu. Ka kai shi cikin soro. In ya narke a can, ni da bakina zan busa maka ƙahon. In bai narke ba, ka bar matan mutane su wuce, gari ya sha ruwa."

Nomau ya dubi dattawan, duk shi suke kallo. Ya ɗauki tsingaron, ya shiga da shi soro, ya ajiye a gindin randa inda ƙasa take da sanyi. Nan da nan gumin man ya tsaya.

Mata suka taru da tulunansu da gammo. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Tabawa, ki roƙar mana mijinki, yaranmu da ƙishirwa suka kwana." Tabawa ta matso kusa da Nomau, ta rage murya.

"Maigida, iskar yau ba ta yi mini ba, tun ɗazu take ƙona mini hanci. Ni ba na jin ta kowa sai taka. Mu tafi, ko mu koma?"

Nomau ya dubi man, yana nan a cure. Ya dubi Baba Korau, tsohon ya kafe shi da ido. Ya kawar da idonsa. Sai ya gyaɗa kai, alamar su tafi.

Tabawa ta gyara gammonta, ta shiga gaba, sauran suka bi ta.

Rana ta ɗaga. Iska ta tsaya cik. Kaji suka buɗe baki suka shimfiɗa fukafukai a ƙasa, tsuntsaye suka fara faɗowa daga kan ganuwa. Hirar dattawa ta mutu. Da rana ta kusa tsaka, Nomau ya leƙa gindin randa, ya tarar man ya zama ruwa har ya malala daga tsingaron. Ya nemi Baba Korau, aka ce ya tafi gida kansa yana ciwo. Nomau ya fizgi ƙaho ya yi ta busawa har leɓensa ya tsage, amma wa zai ji daga gulbi? A lokacin ma matan sun riga sun ɗauko ruwa, suna tsakiyar faƙo.

Ya jefar da ƙahon ya fita da gudu, maza kaɗan suka bi shi. Suka fara cin karo da fasassun tuluna, sannan da matan kansu, wata a zaune, wata a kife, wata tana rarrafe ba ta san inda ta nufa ba. Tabawa tana can baya, domin ta tsaya tallafar wata mai ciki. Ya same ta a kwance, tulunta a tsaye bai fashe ba, ruwan ciki ya yi zafi kamar na wankan jego. Ya ɗago kanta. Jikinta babu ɗigon gumi. Ta buɗe ido ta gane shi.

Ta ce, "Maigida, man bai narke ba ne ko? Ba laifinka ba ne ko?"

Nomau ya sake gyaɗa kai. Ta rufe ido, ba ta ƙara buɗewa ba.

Ranar an yi jana'iza da yawa a birnin. Bayan an share makoki Baba Korau ya koma mazauninsa a soro, ya samu sabon labari. In yaro ya yi kukan zafi sai ya ce, "Wannan ne zafi? Shekarar da mata suka zube a faƙo fa?"

Nomau kuwa bai sake magana da kowa ba. Ya fasa tsingaron, ya daina yarda da kowane awo sai na fatarsa. Kullum sai ya tuɓe hula, ya hau falalen dutsen da ke bakin ƙofa, ya manna ƙirjinsa ya ji zafin, ya ɗago ya dubi hanyar gulbi. In mai wucewa ya tambaye shi ko a fita, yana so ya ce a'a, amma kansa abu ɗaya kawai ya iya. Rana ta gasa masa kai har ya yi ja wur. Jikinsa ya bushe, ya yi kaushi, ya yi ta ƙanƙancewa. Wata rana aka tarar da rigarsa a kan dutsen, a gefenta ga ƙadangare mai jan kai, yana ɗaga ƙirji yana saukewa.

Shi ya sa har yau, in rana ta take tsaka kowa ya nemi inuwa, za ku ga jan gwada a kan katanga yana auna zafi da ƙirjinsa, yana gyaɗa kai. Kada ku jefe shi, yara. Kuma kada ku fita don kun ga ya gyaɗa.

Iyakar abin da na iya ke nan. Duk wanda ya ga kuskure a harafi ko a labari, ina roƙonsa don Allah ya gyara mini, kada ya bar shi ya kai ga yara.