Kurege da Takardar Turanci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wata shekara fari ya cinye gonakin namun daji, suka ranto hatsi wurin attajiran tsuntsayen ƙetaren teku. Shekara ta zagayo, bashi ya haihu, ɗansa ma ya haihu.

Ran nan sai ga takarda daga attajiran, da Turanci. Giwa ta juya ta, ta kasa. Kura ta shinshina, ta kasa. Kurege kuwa raminsa na ƙarƙashin tagar makaranta, Turanci ya zauna masa daram. Ya karanta a zuci: an yafe rabin bashi, muddin suka bar kayan tsuntsaye su shigo kasuwarsu ba haraji. Amma sai ya ce musu an ce a biya duka, a tara gyaɗa a raminsa. Nufinsa ya miƙa rabi, ya lashe rabi.

Aka tara, aka tara, har rami ya cika.

Ran kasuwa sai ga Shamuwa, wakiliyar attajirai, wadda aka ba wuƙa da nama. Ashe tana jin Hausa, don nan take yin damina. Ta taya su murnar yafe rabin bashi.

Kura ta dafa wutsiyar Kurege, ta ce, "Malam, wane rabi?"

Kurege ya gyara hula, ya dubi Shamuwa.

"Albarka, Hajiya. Tayin farko ne, shi ya sa ban ɓata bakina na faɗa musu ba."

Ya juya zai tafi, ta kira shi, aka shiga cinikin abin da za a yafe. Ta ƙara, ya ce albarka. Ta ƙara, ya ce albarka. Ga ayarin shamuwoyi na shirin tashi, ita kuwa ba ta taɓa ciniki da ɗan kasuwarmu ba. Ta gaji, ta yafe duka.

Kurege ya ce saura gyara, ba a sallamawa ba gyara: gyaɗarsu ma ta shiga kasuwar tsuntsaye ba haraji. Ta sa hannu tana gumi.

Aka ɗaga Kurege sama ana guɗa. Kowa ya kwashe gyaɗarsa, aka bar masa mudu guda la'ada. Ya karɓa yana murmushi, hawaye na zuba.

Kurunkus kan kurege! Wanda zai ci amanar jama'a, ya fara tambaya ko baƙuwa na jin Hausa.