Manomin da Ya Yanke Igiya

Baba, na samo misalin da zan ba ajinka na makarantar Lahadi, tun jiya zuciyata sai tsalle take yi. Ka tuna Malama Briskila, nas ɗin da take wanke maka ƙafa? Ita ta ce mini a jikin mutum akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya, kowace da gajerun rassa masu karɓar labari, da doguwar wutsiya guda mai miƙa shi gaba, har ya kai ƙwaƙwalwa. Ta ce ciwon suga ne ya kashe na ƙafarka, shi ya sa ƙaya ta shige ka ba ka ji ba, har miki ya yi nisa. Ban yi zurfi a boko ba, amma wannan kam na gane shi. Saurara.

Akwai wani mutum mai gonar dawa, doguwa, tun daga bayan gidansa har bakin rafi. Da dawa ta fid da kai, sai ya jera masu tsaro, kowa a kan rumfarsa. Gajerun zaruruwa suna zuwa wurin kowane mai tsaro daga kewayensa, in tsuntsu ya sauka sai su motsa. A hannunsa kuma akwai doguwar igiya guda. Igiyar ba ta kaiwa hannun na gaba. Gora ce da tsakuwa a ƙarshenta, tana kaɗawa kusa da kunnensa, shi ma sai ya ja tasa. Haka labari yake tafiya har ƙofar maigida, ya fito da mutanensa su kori tsuntsaye.

Amma gorar ƙofarsa ta hana shi hutun rana. Matarsa ta roƙe shi ya yi haƙuri har girbi, ya ce ya gaji. Ya ɗauki lauje ya yanke igiyar.

Ya ce, “Madalla, yau gonata lafiya lau.”

Masu tsaro suna ta ja, gida shiru. Ran da ya je girbi, ya tarar da kara a tsaye, ba ƙwaya.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar jikinmu ce, masu tsaro su ne ƙwayoyin jijiya, ƙarar gora kuwa ita ce zafi. Zafi ɗan aike ne, Allah ya sa shi domin ya cece mu. Haka ikkilisiya take. In ɗan'uwa yana kuka a can ƙarshen gona, kada mu ce ya cika surutu. Wanda ya ji ya ja tasa igiyar, har taimako ya fito. Gidan da ba a jin kukan kowa, a je a duba shi.

Baba, ga abin da ya fi sa ni murna. Tun da muka binne ka nake roƙon Ubangiji ya cire mini wannan zafi na ƙirji, ya mai da ni kamar dutse. Jiya na fasa roƙon. Ashe yankan igiya nake nema! Tun da ina jin zafinka, da sauran rai a wurin, zan kuma iya jin na wani.

Na yi shawara zan karɓi ajin in riƙe. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Mama.