Ranar da Sarki Ya Kwana a Kiryawa

An yi wani sarki a ƙasar Dargaza, sunansa Dalhatu, mutum ne mai son alheri, sai dai bai cika komawa ya duba inda alherin nasa ya sauka ba. Wata shekara ƙishirwa ta matsa wa ƙauyukan arewacin ƙasarsa, sai ya buɗe baitulmali, ya kira Sarkin Ayyuka Tanimu, ya umarce shi da ya haƙa rijiya a kowane ƙauye. Bayan 'yan watanni Tanimu ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce aiki ya kammala, sarki kuwa ya fita rangadi don ya gani da idonsa.

To, al'adar gidan sarautar nan tun kaka da kakanni ita ce sarki ba ya kwana a ƙauye, ba ya ma kai la'asar, don kada ciyar da jama'arsa ta zama nauyi a kan talakawa. Yakan sauka, a jawo guga ɗaya, ya sha ƙwarya guda, ya sa albarka, ya hau ya wuce. Al'ada ce ta tausayi, ya kai mai karatu, amma ka riƙe ta a zuciya, don za mu dawo kanta. Haka sarki ya zaga ƙauyukan nan, ko'ina ya tarar da ruwa garai-garai, ya koma birni yana yi wa Tanimu addu'a.

A birnin akwai wata mata, Malama Kubura, wadda ta gaji injin buga jarida daga mijinta da ya rasu. Duk ranar kasuwa takan fitar da jaridarta, masu karatu su karanta wa marasa karatu a gindin inuwa. Ita ce ta bi sawun sarki ƙauye bayan ƙauye, ta zauna da mata a tsakar gida, ta sha abin da suke sha. Da ta dawo sai ta buga cewa rijiyoyin Sarkin Ayyuka ba su kai ga ruwa ba. An haƙa su rabi, an daɓe ƙasansu, kuma duk lokacin da sarki zai zo sai a cika su da ruwan da jakuna suka ɗauko daga nesa a cikin salka.

Gari ya ɗauka. Tanimu ya kai ƙara fada yana hawaye, kuma ya iya hawaye. Aka kirawo Malama Kubura, ta durƙusa nesa.

Sarki ya ce, “Malama, idona ya ga ruwa, bakina ya sha. Wa ya gaya miki abin da kika buga?”

Ta ce, “Allah ya ba ka nasara, waɗanda suka gaya mini amana suka ba ni. Kai za ka kwana a fada, ni zan kwana a gidana, su kuwa can za su kwana a hannun waɗanda suka tona wa asiri. Ba zan ambaci sunan kowa ba.”

Aka kira dagatan ƙauyukan. Kowanne ya dubi Tanimu, ya dubi ƙasa, ya ce, “Mun gode, Allah ya ƙara wa sarki imani.” Babu wanda ya ce akwai ruwa, babu wanda ya ce babu.

Ran sarki ya ɓaci, ya juya ga wazirinsa, Hambali, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce, “Waziri, ga matsala a gabanka. Mai ƙara yana da shaidar idona, wadda ake ƙara ba ta da mashaidi, talakawa kuma sun ƙi magana. Ka fito mini da gaskiya ba tare da an doki kowa ko an tilasta wa kowa rantsuwa ba. In ta tabbata ƙarya ta yi, za a ƙone injinta a kore ta daga ƙasata har abada.”

Kada ka zaci Waziri Hambali masoyin matar nan ne. Shekarun baya ta taɓa buga cewa katangar gidansa ta ci hanyar jama'a, har ya zama abin zance a mahauta da majema. Ya ji zafin abin ƙwarai, kuma har ranar nan bai huce ba. Amma ya tuna cewa a wancan lokacin ya fita da igiya ya auna, ya tarar katangar ta ci hanyar, ya rushe ta da kansa yana ƙunƙuni. Ya kuma tuna shi ma ya sha ruwan rijiyoyin nan tare da sarki, har ya yaba sanyinsa. Saboda haka bai san inda gaskiya take ba, abin da ya sani kawai shi ne idon sarki ba ya ganin komai sai abin da aka shirya masa.

Ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ina roƙon abu ɗaya, kuma mai nauyi ne. A sanar cewa sarki zai sake ziyartar Kiryawa, ƙauyen da ya fi nisa, a faɗi ranar a fili. Mu tafi da abincinmu don kada mu ɗora wa kowa nauyi, amma kada a ɗauki ko ɗigon ruwa. In mun isa, sarki ya karya al'adar kakanninsa, ya zauna har sai na ce mu tashi.”

Fadawa suka yi ta salati, wai ba a taɓa yi ba. Sarki dai ya ce ya yarda. Maganar zaman kuwa aka bar ta a cikin fada, Tanimu bai ji ba, don an riga an sallame shi kafin Waziri ya yi magana, ranar kawai aka gaya masa don ya je ya shirya tarbar.

Ranar da aka sa, suka isa Kiryawa da hantsi, har da Malama Kubura a bayan ayari. Rijiya cike take. Tanimu da kansa ya jawo guga, ya miƙa wa sarki ƙwarya yana murmushi, yana satar kallon matar. Sarki ya sha, ya sa albarka. Maimakon ya hau, sai ya ce a kafa masa rumfa. Waziri kuma ya sa dogarai a bakin kowace hanya, ya ce kowa na iya fita, amma kada dabbar da ke ɗauke da kaya ta shigo.

Jama'a suka sha, aka yi alwala, aka ɗora girki, aka shayar da dabbobi. Kafin azahar sai da aka ƙara wa guga igiya. Kafin la'asar ruwan ya koma rabin guga. Rana ba ta faɗi ba aka ji gugan ya bugi daɓe, ƙwas, kamar an jefa shi a tsakar ɗaki.

Tanimu ya ce, “Ranka ya daɗe, rani ne, kuma jama'ar ta yi yawa. Kowace rijiya takan gaji.”

Waziri ya ce, “Gaskiya ka faɗa, Sarkin Ayyuka, kuma ba za a zalunce ka ba. Rijiya takan gaji, amma in ta huta takan tara. Mu bar ta ta kwana, kada kowa ya taɓa ta.”

Gari ya waye, aka zura guga a gaban sarki, ya fito a bushe, har da ɗan ƙadangare a ciki. Babu wanda ya yi dariya. Sarki ya ji ƙishirwa irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya dubi dagacin Kiryawa ya ce, “To ku me kuke sha?” Dagaci ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ce ta shiga gida tana ɗingishi, ƙafarta ɗaure da tsumma saboda kurkunu, ta fito da ƙwaryar ruwan kududdufi, ja-ja-ja, ta durƙusa ta ce, “Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, na tace shi da gefen zane.”

Sarki ya karɓa ya sha, duk da fadawa na roƙonsa kada ya sha. Ya ji kunya matuƙa. Sauran da ya rage ya miƙa wa Tanimu.

Nan take ya yanke hukunci. Ya tuɓe wa Tanimu rawani, ya ce a sayar da abin da ya mallaka a ƙarasa rijiyoyin, shi kuma ya zauna a Kiryawa yana shan abin da mutanenta ke sha, har ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo da kansa. Ya yafa wa Waziri alkyabbarsa. Sannan ya ce, “Malama Kubura kuwa, zan ba ta gida kusa da fada da albashi, ta zama mai rubuta labaran sarauta.”

Waziri ya ce, “Allah ya ba ka nasara, in an yarda in yi magana. Matar nan ta ga abin da ni da kai ba mu gani ba, don babu wanda yake shirya mata hanya. Ranar da ta shigo ayarinmu, ita ma za a fara cika mata rijiya. A bar ta a waje, a hana kowa taɓa injinta, ko da gobe ni ta sake bugawa.”

Malama Kubura ta ce, “Na gode wa Waziri. Kuma tunda ya ambata, akwai maganar kwatar bayan gidansa.”

Waziri ya runtse ido ya ce, “Zan sa a duba.”

Sarki ya tabbatar da wannan shawara, ya kuma soke al'adar tashi kafin la'asar. An ce da ya hau zai koma birni, sai ya waiwayi rijiyar ya ce wa fadawansa, “Ku riƙe wannan daga gare ni. Adalcin sarki ba ya cika da abin da aka nuna masa, sai ya kare bakin wanda zai gaya masa abin da ya rage bayan ya wuce.”