Mu Muka Sauko Da Shi

An yi wani mutum a nan Birnin Gwari, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma yana da 'ya'ya mata biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Yana da ɗan shagon cajin waya kusa da tasha. Daga baya ya buɗe shafi a Fesbuk yana sa labaran yankinmu.

Da farko aikin kirki yake yi, ba zan zalunce shi ba. In an tare hanya ya faɗa, in an buɗe ya faɗa, kuma mutane da yawa sun fasa tafiya saboda shi sun tsira. To, sai mabiya suka yi yawa, abin ya shiga kansa. Ya zama ranar da wani ya riga shi fitar da labari, ko tuwo ba ya masa daɗi. Samarin tasha suka sa masa suna Ɗumi-ɗumi, don kowane rubutu nasa da "da ɗumi-ɗumi" yake farawa.

Matarsa sunanta Karima. Mahaifinta wani dattijo ne, Mailafiya, a wata unguwar manoma gaba da Dogon Dawa, a bakin daji. Noma yake yi, yana kuma ɗaura amya a bishiyoyi yana cire zuma. Shekarunsa sun haura sittin, amma in ya kama igiya ya hau maɗaci, saurayi sai dai ya tsaya yana kallo. Wayar Mailafiya irin ta tocila ce, bai san Fesbuk ba, Fesbuk ma ba ta san shi ba.

Wata rana da hantsi, lokacin girbin masara, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗo a dajin. An ji ƙara, an ga hayaƙi. Kowa ya gudu gida, don mun san abin da ƙara ke nufi a wannan ƙasa tamu. Mailafiya da maƙwabcinsa Abarshi su ne suka nufi wajen. Suka tarar matuƙin ya diro da laimar sauka kafin jirgin ya daki ƙasa, amma laimar ta sarƙe a kan wani dogon maɗaci. Ga bawan Allah yana reto a sama, ƙafa a karye, kai yana jini. Mailafiya ya hau da igiyar amyarsa, ya ɗaure shi a ƙirji, ya yanke zarurrukan laimar, suka zuro shi a hankali har ƙasa.

Sai suka hau wani tudu inda ake samun sabis. Abarshi yana da babbar waya. Mailafiya ya ce a aika wa mijin 'yarsa saƙon murya, shi ne ya san manya, shi ne zai sa a zo da mota. Ya yi magana ta kusan minti huɗu. Farkonta ya ce: "Salamu alaikum. Ni ne Mailafiya. Wannan jirgi da ka ji, to mu muka sauko da shi, ni da Abarshi, da hannunmu." Sannan ya gyara murya ya ci gaba: "Direban nake nufi, ya maƙale a maɗaci. Yana da rai, amma yana zubar da jini. Don Allah ka gaya wa hukuma."

Ku lura, ya 'yan uwa. A Hausa jirgi "shi" ne, matuƙi ma "shi" ne. Kalma ɗaya ce. Tsoho ya ga tuntuɓen bakinsa, nan take ya gyara.

Mutuminmu ya saurari saƙon tun daga sallama har ƙarshe. Kada wani ya ce bai fahimta ba, ya fahimta sarai. Amma a lokacin duniya ta riga ta ɗauka. Wannan shafi ya ce manyan mutane ne a ciki, wancan ya ce makamai ne, wani ya sa hoton jirgin da ya ƙone a wata ƙasa shekaru da suka wuce ya ce namu ne. Babu wanda ya taka ƙafa dajin. Shi kaɗai ne ke da murya daga wajen. Ya duba ya ga cewa labarin tsoho ya ceci mutum a kan bishiya ba zai yi nisa ba. Sai ya yanke saƙon, ya bar farkon kawai, ya rubuta a sama: "Da ɗumi-ɗumi! Ku ji daga bakin waɗanda suka sauko da jirgi a dajin Birnin Gwari."

Ya kira hukuma kuwa? Bai kira ba. Wayarsa ba ta huta ba balle ya kira.

Kafin la'asar muryar Mailafiya ta gama ƙasa. Wata jarida ta juya ta Turanci ta ce ɗan bindiga ya amsa cewa su suka harbo jirgi. Wani gidan rediyo ya ɗauko daga jaridar, jaridar kuma ta dawo ta ce rediyo ya tabbatar. Aka tara masana a ɗaki mai sanyi, mutanen da in ka ce su nuna maka Dogon Dawa a taswira sai sun yi zufa. Wannan ya faɗi irin makamin da aka yi amfani da shi, wancan ya faɗi ƙasar da aka shigo da shi. Wani har ya ce daga jin muryar, mutumin ƙasurgumi ne, ya saba zubar da jini. Tsohon da in zai ciri zuma sai ya bar wa ƙudan rabonsu!

Karima ta ji muryar mahaifinta a wayar wata maƙwabciya. Ta zo shago ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Baban Ma'u, wannan ai Baba ne. Me ka yi?"

Ya ce, "Ƙarya na yi? Ba maganarsa ba ce? Ko harafi ban ƙara ba."

Ta ce, "To ka sa sauran. Don girman Allah ka sa sauran yanzu."

Ya ce ta kwantar da hankalinta. Wani gidan talabijin zai yi hira da shi gobe, in an gama zai fitar da ragowar, kowa ya ga Baba gwarzo ne. Gobe ta zo aka yi hira, aka kira shi mai sharhi kan harkar tsaro. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce bari a ƙara kwana ɗaya.

Can daji kuwa, da suka ga ba mota, Mailafiya da Abarshi suka ɗora matuƙin a amalanke suka kai shi bakin titi. Wata motar hatsi ta wuce da shi asibiti, a sume, ba wanda ya san daga ina yake. Karima ta yi ta neman wayar mahaifinta, ba sabis. Ta ba direban wata motar ƙauye saƙo, suka yi saɓani a hanya.

Ranar kasuwa Mailafiya ya shigo gari da galan biyu na zuma, da niyyar in ya sayar ya leƙa jikokinsa. Bai san komai ba. Yana cikin ciniki wani ya ji daga inda ya fito, ya ce, "Baba, wajenku ne jirgin nan ya faɗi?"

Tsoho ya yi murmushi, abinka da wanda ya yi aikin alheri. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Ai mu muka sauko da shi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kalmomin nan ne, muryar nan ce, wadda kowa ya ji sau goma a wayarsa. A kasuwar nan akwai wanda aka kashe wa uba, akwai wanda aka sace wa mata, akwai wanda shekara uku bai ga gonarsa ba. Zukata a cike suke. Ba wanda ya bari ya gyara murya a wannan karon. Ba zan faɗa muku sauran ba. Ni na yi masa wanka, kuma da ƙyar muka tara sahu ɗaya, don mutane na tsoron a gan su a jana'izar ɗan bindiga.

Bayan kwana uku matuƙin ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne ina tsohon da ya hau bishiya. Bayan watanni masu bincike suka ce inji ne ya lalace, babu wanda ya harbi komai. Kun ji wannan a rediyo? Ni ma ban ji ba. Jaridar nan ta sa shi a layi uku can ƙasan shafi. Masanan nan ba wanda ya dawo ya ce ya yi kuskure, sun riga sun koma kan wani haɗarin.

Mutuminmu ya fitar da cikakken saƙon ranar da aka binne surukinsa. Guntun nan dubban ɗaruruwa suka ji shi. Cikakken, ko mutanen layin shagonsa ba su gama ji ba. Wa zai zauna minti huɗu?

Karima ba ta yi masa faɗa ba. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen 'yan uwanta a Kutemeshi, ta aiko cewa ko a lahira ba ta son ganinsa. Mutane suka daina kawo masa caji, don ba mai yarda ya bar waya a hannunsa. In ya zo majalisa sai hira ta mutu. Waɗanda suka ɗaga hannu a kasuwa su suka fi kowa tsanarsa, don ganinsa yana tuna musu abin da suka yi. Shago ya rufe. Yanzu in kun shiga tasha za ku gan shi, riga ɗaya, waya a hannu, yana tare fasinjoji yana cewa, "Don Allah tsaya ka ji ƙarshen." Suna ɗauka bara yake yi, wasu su ba shi hamsin su wuce.

Ana cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To, wannan ta yi 'ya'ya, ya 'yan uwa, kuma mu muka yi mata ban-ruwa. Ni da nake tsaye a nan, an turo mini guntun nan, na ji, na girgiza kai, na tura wa ƙanena Abdulsalam na ce ya ji irin masifar da muke ciki. Ban tambayi waye ba. Ban tambayi me ya faɗa kafin nan ko bayan nan ba. Ina da rabona a jinin Mailafiya, kuma ban san yawansa ba sai ranar da za a auna.

Wallahi na gaji. Kun san ayar da ta ce a bincika labari, kun san hadisin, na karanta muku su har muryata ta dishe. Muna fita daga nan kowa zai zaro wayarsa. Abu ɗaya kawai nake so ku tafi da shi yau. Mutum yana iya yin ƙarya da maganar gaskiya, in ya yanke ta a inda ya ga dama. Kuma in jirgi ya faɗi, ko mota, ko gini, wanda ya riga kowa faɗin dalili shi ne wanda bai je wajen ba. "Ban sani ba tukuna" ba abin kunya ba ne. Ka faɗe ta, ka ajiye wayar.

Makon jiya mutuminmu ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, kai ma ba za ka tsaya ba?" Na tsaya. Na ji tsoho yana kwatanta hanya dalla-dalla, inda mota za ta bi ta kauce wa rafi, don kada masu zuwa su wahala. A ƙarshe ya ce, "Na san ba za ka yi sanya ba, shi ya sa na neme ka. Ka gaida mini Karima da yara. Allah ya yi maka albarka."

Ya karɓi wayarsa, ya ce, "Malam, wannan addu'ar, tana nan ko ta tashi?"

Shekara talatin ina amsa tambayoyi a garin nan. Wannan ban san amsarta ba, kuma haka na gaya masa.

Ya Allah, ka jiƙan Mailafiya, ka sanyaya zuciyar 'yarsa. Ka yafe wa wanda ya yanke, da wanda ya tura, da wanda ya ji ya yi shiru. Ka ba mu haƙurin jin magana har ƙarshenta. Allah ya kiyaye mu da sharrin bakunanmu da yatsunmu. Amin.