Fankar da Namadi Ya Ƙi Ɗaurawa

An yi wani mutum a wani gari, bakanike, ana kiransa Namadi. 'Yan gareji suna cewa ba a gane cikinsa. Ba ya hira, sai dai ka gan shi ya kafa sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotarta, yana saurare. Wasu har cewa suke da aljanu yake magana.

To, akwai wani direba, Sallau, mai tsohuwar mota ta dakon albasa. Da ita yake ci, da ita iyalinsa ke ci, ga shi ta fara gazawa a hawan dutsen bayan gari. Namadi ya ce zai haɗa masa fanka mai aiki da batir, ta riƙa cusa iska cikin inji, ƙarfinsa ya ƙaru. Sati uku yana haɗawa. Ranar ɗaurawa ya kunna ta, ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya kashe.

"Ba zan ɗaura ba, Sallau. Fiffiken ya tsage. In ya karye, inji zai haɗiye shi."

Sallau ya duba, ya sake dubawa, bai ga tsagewa ba. Ku saurara, jama'a, nan zato ya shigo. Zuciyarsa ta ce wani direban ake ɓoye wa fankar. Ya fizge ta, ya bi gareji yana cewa Namadi maci amana ne, ya kai wa wani bakanike ya ɗaura masa.

Kwana biyu, yana tsakiyar hawa da lodi, sai ƙarau! Ya tsaya, ya buɗe gaban mota. Fiffike ya farfashe, amma gutsattsarin duk sun maƙale a wata 'yar ragar ƙarfe a bakin inji, ragar da bai san da ita ba. Inji lafiya lau. Da ya tambayi bakaniken da ya ɗaura fankar, sai ya ce Namadi ne ya kawo ragar, ya roƙa a sa, kada a faɗa wa Sallau don kada ya cire.

'Yan'uwa, mugun zato zunubi ne. Wanda ya hana ka abu, ba lallai maƙiyinka ba ne. Kowannenmu ya duba, wa ya ɓata wa suna don ya faɗa masa gaskiya? In a gaban mutane ka ɓata, a gabansu za ka gyara.

Haka Sallau ya yi. Ya tsaya tsakiyar gareji, kowa na ji, ya ce, "Malam Namadi, ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."