Modem ɗin Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da wayar tarho ke bin turaku. Wani bawan Allah ne mai gyaran rediyo, ana ce masa Malam Jatau. Ku saurara, jama'a, don ni kaina labarin nan bai daina ba ni mamaki ba.

Jatau ya sayi tsohuwar kwamfuta, yana so mutanen gari su riƙa aika wa 'ya'yansu na nesa saƙo daga ɗan shagonsa. A cikin cikinta akwai wani ɗan allo, modem, shi ke ɗaukar saƙo ya bi da shi ta wayar tarho. Manhajar da ya sa mata kuwa ta kyauta ce. Wasu mutane ne da ba su taɓa ganin juna ba suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe, kowa ya leƙa, kowa ya gyara. Al'adarsu ita ce, in ka gano gyara, ka faɗa wa na bayanka. Ikon Allah!

To, modem ya ƙi magana. Jatau ya je birni ya samo faifan da zai gabatar da modem ɗin ga manhajar. Suka san juna, amma shiru. Ya kwance, ya ɗaura, shiru.

Tsallaken titi akwai Alhaji Tankari, mai babban shago da benci da fanka. Shi ma ya sayi irin wannan kwamfutar, ta ƙi, ya lulluɓe ta da zane. Kullum sai ya ɗaga murya: "Malam Jatau, yau ma amaryar ba ta tanka ba? A sayi baki mana!"

Jatau ya yi dariya: "Ana kan ciniki, Alhaji."

Wata rana da hantsi ya kara kan tarho a kunne, yana sauraron gunjin nan da layi ke yi kafin a buga lamba. Sai tunani ya zo masa: a wata ƙasa aka ƙera modem ɗin nan, gunjin layinsu yake jira, namu bai gane shi ba. Baƙo ne, yana tsaye a ƙofa yana jiran a ce ya shigo da harshensu! Jatau ya rubuta masa umarni: kada ka jira, buga kawai.

Jama'a, sai abu ya ɗauki kuka, kamar zabuwa ta faɗa a tafasasshiyar buta. Saƙo ya tafi! Jatau ya fito bakin titi ba takalmi, yana ta hamdala.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, ka riƙe bakinka. In Alhaji ya sani, wa zai bar fanka ya zo ya tsaya a rana wurinka?"

Gaskiya ta faɗa, Jatau ya sani. Sai ga Tankari ya tsallako, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, ni tawa amaryar fa?"

Jatau ya dubi ɗan shagonsa. Ya tuna da masu manhajar nan da suka ba shi aikinsu ba su san ko sunansa ba. Ya ɗauki faifai ya ce, "Mu je, Alhaji, yaye mata lulluɓin."

Masu aika saƙo kuwa suka koma ƙarƙashin fanka, kamar yadda Tabawa ta ce. Amma Tankari ba ya iya shiru. A tasha, a kasuwa, a wurin suna: "Jatau ne! Jatau ya sa ta magana!" Ashe garuruwan kewaye cike suke da kwamfutoci bebaye. Aka dinga ɗauko su a kan babur zuwa shagon Jatau, naɗe cikin bargo, har Tabawa ta fara sayar wa masu jira kunu tana dariya.

To, ku ji. Ilimin da aka ba ka kyauta amana ne, ba naka ba ne kai kaɗai, kuma bayar da shi ba ya tauye rabon da Allah ya rubuta maka. Kai mai ɗinki, ke mai girki, akwai dabarar da kuke ɓoye wa maƙwabci. Wani ne ya koya muku ita. Yau, kafin ku shiga gida, ku tsallaka titi.