Gurasar Da Zulpiye Ta Gutsura

Akwai wata mata a wata tsohuwar unguwa a birnin Kashgar na ƙasar Sin, sunanta Tursunay. Ita da maƙwabciyarta Hornisa a tanderu ɗaya suke gasa gurasa, shekara ashirin da bakwai.

Kullum cikin tsokanar juna suke. Hornisa ta ce, "Yaya, gurasarki ko jaki sai ya jiƙa ta kafin ya ci."

Tursunay ta ce, "To ke uwar iyawa, me ya sa kullum tawa kike ɗauka?"

Ranar da Zulpiye, 'yar Tursunay tilo, za ta tafi karatu Turkiyya, aka yi mata abin da ake yi wa matafiyi. Ta gutsuri gurasa sau ɗaya, uwar ta ajiye sauran, sai ta dawo ta ƙarasa. Hornisa ce ma ta gasa ta da hannunta.

Sai zamani ya juya. Duk mai ɗan'uwa a ƙasar waje aka fara kwashe shi zuwa wurin da suke kira makaranta, inda ba a faɗa wa mutum ranar fitowa.

Tursunay ta goge lambar 'yarta. Ta je ofishin unguwa ta sa hannu cewa babu ita babu yarinyar. Amma gurasar ta kasa yar da ita. Ta naɗe ta a ɗankwali, ta tura ƙasan akwatin aurenta. Hornisa kaɗai ta sani. Ita kaɗai kuma ta san sau ɗaya Tursunay ta ji muryar Zulpiye a wayar wani ɗan kasuwa.

Wata safiya ma'aikatan gwamnati suka shigo. Ba su duba ko'ina ba, kai tsaye suka nufi akwatin.

Ɗayansu ya ɗaga gurasar. "Kin ce ba ki da 'ya. Wannan haƙoran wa ne? Wa kike jira?"

Ya yar da ita ƙasa, ya taka. Tursunay ta waiga, ta ga Hornisa a bakin ƙofa tana kallon takalminta.

Suka tafi da Tursunay makarantar nan, shekara uku da wata huɗu ta yi a can. Ta fito da kai a aske, tana tafiya tana dafa bango.

Kwana biyu da dawowarta sai ga Hornisa da gurasa mai zafi.

"Yaya, cewa suka yi in ba da suna ɗaya, ko su tafi da ɗana Ablikim. Shi kaɗai na haifa, kin sani."

"Ina Ablikim ɗin yake?"

Hornisa ta fashe da kuka. "Bayan wata biyu suka dawo suka ɗauke shi. Wai ya taɓa gaisawa da Zulpiye a waya. Shekara goma sha biyu suka yanke masa."

 A al'adarsu ba a mayar da gurasa, don haka Tursunay ta karɓa, ta sumbace ta, ta kai goshi.

"Gurasa ba ta yi min laifi ba," ta ce a hankali. "Da sunana kawai kika ba su, da na ce tsoro ne, kowa ya ji shi. Amma akwatin, Hornisa? Ke fa kika gasa ta."



Tursunay ta gina ɗan ƙaramin tanderu a tsakar gidanta. Duk ranar gashi takan ɗora gurasa biyu a kan katanga, don Hornisa ba ta da mai kula da ita yanzu. Amma ba su sake gutsurar gurasa ɗaya tare ba. Zulpiye kuwa har yau ba ta san ko uwarta na raye ba.

Darasi: Kada ka miƙa wa azzalumi sirrin wanda ya amince da kai don ka tsira, zai karɓa kuma ya dawo kanka. Ana iya ci gaba da yi maka alheri, amma yarda in ta tafi ta tafi. 'Yan'uwa, ku tura wa wasu su ma su karanta, ku sa waɗanda aka raba da 'ya'yansu a addu'a.